Dodon Ingila da ya ɓace shekara 45, aka tsince shi a Jos

A shekarar 1968 gidan talabijin na BBC a Ingila ya nuna wani labari mai kashi shida cikin shirinsa na Doctor Who, mai suna The Web of Fear. Labarin wasu dodanni ne masu gashi buzu-buzu da suka mamaye hanyoyin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Landan, suna feshe mutane da wata irin yana mai kisa. Ba a daɗe ba kashi biyar daga cikin shidan suka yi ɓatan dabo.

Idan aka ce shirin tsoro ya ɓace, wasu sai su ɗauka da hannun aljanu a ciki. Gaskiyar maganar, lissafin kuɗi ne. A wancan zamani kaset ɗin ɗaukar hoto yana da tsada ƙwarai, don haka sai BBC ta riƙa goge tsohon shiri tana ɗaukar sabo a kansa. Amma kafin gogewar, takan kwafi shirye-shiryen a kan fim ta sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje, har da na Nijeriya.

Wannan ciniki ne ya ceci labarin. A watan Oktoba na 2013 BBC ta sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos. Kashi tara na Doctor Who da aka fid da rai da su ne suka dawo, huɗu daga cikinsu na labarin dodannin. Nan take BBC ta sa su kasuwa ta intanet, abin da ta goge da hannunta ya koma kawo mata kuɗi.

A fagen wasannin bidiyo ma an ga irin haka, sai dai a can da gangan aka janye kayan. A watan Agusta na 2014 kamfanin Konami na Japan ya saki wani ɗan gajeren wasa mai suna P.T. kyauta a na'urar PlayStation 4. Mai wasa yana ta zagaya lungu ɗaya ne na wani gida. Duk ƙofar da ya fita sai ya sake tsintar kansa a farkon lungun, ga fatalwar wata mata tana bibiyarsa. Ɗanɗano ne na babban wasan Silent Hills da Hideo Kojima yake shiryawa tare da mai shirya fim Guillermo del Toro.

Da kamfanin ya soke babban wasan, sai ya cire P.T. daga shagon intanet ranar 29 ga Afrilu, 2015. Ba a taɓa buga shi a faifai ba, saboda haka ya rage ne kawai a cikin na'urorin waɗanda suka riga suka sauke shi. Cikin 'yan kwanaki aka ga irin waɗannan na'urori a kasuwar eBay ana neman sama da dala 1,000 a kan guda.

Ku 'yan kasuwa da ke sarin kayan lantarki na gwanjo, ga abin lura. Tsohuwar PlayStation 4 da ta zo cikin kaya, kafin yaron shago ya wanke ta fes don ta yi kyan sayarwa, a kunna ta a duba abin da ke ciki, domin wanda aka goge ba ya saukuwa daga shagon kuma. Haka nan tsofaffin kaset da gwangwanayen fim, kada a yi saurin zubar da su a bola. A nuna wa wanda ya san kansu tukuna. Su ma na Jos sun kwashe shekaru ƙura tana lulluɓe su kafin a zo a karanta rubutun da ke jikinsu.