INA YA KAMATA KWAMFUTA TA AJIYE FASSARARTA?

Ɗalibin da ke koyon rubuta wa kwamfuta umarni a Hayin Banki, nan Kaduna, sau da yawa ba shi da na'urar kansa. Ko dai ya ari ta ɗan'uwansa, ko kuwa ya biya kuɗin zama a shago, inda mutane da dama ke amfani da na'ura guda. A irin wannan hali, wata tambaya da ake gani ƙarama ce tana da nauyi ƙwarai.

Ita dai kwamfuta ba ta gane rubutun mutum kai tsaye. A harsuna irin su C da Go, sai an fassara rubutun zuwa harshen na'ura, a sami sabon fayil, shi ne wanda zai yi aiki. Idan ɗalibi ya ba da umarni ɗaya cewa a fassara a kuma gudanar, to, ina za a ajiye wannan fayil?

Hanya mafi sauƙi ita ce ma'ajin wucin gadi, wanda a tsarin Linux ake kira /tmp. Amma wannan ma'aji na kowa da kowa ne. In ana iya cankar sunan fayil ɗin, wani mugu yana iya riga ɗalibin ajiye nasa da wannan suna, kuma in manhajar ba ta bincika ba, sai ta gudanar da na mugun da izinin ɗalibin. Har ila yau, na'urori da yawa sukan share ma'ajin duk lokacin da aka kunna su. A garin da ake yawan ɗauke wuta, wannan yana nufin sake fassara tun daga farko, alhali kuɗin zama yana tafiya.

Ajiyewa kusa da ainihin rubutun kuwa takan cika wuri da tarkace. Masu harshen Python sun rage wannan a 2011, da suka keɓe wa fassararsu jaka guda.

Abin da ya fi dacewa shi ne kowane mai amfani ya sami ma'ajinsa, watau jakar .cache da ke cikin gidansa na kwamfuta, inda wani ba ya iya rubutawa. Harshen Go ya soma tara guntayen fassara a can a 2018, kuma tun 2025 har da kammalallen fayil ɗin yake ajiyewa. Sai dai fa a shagon da kowa ke shiga da suna ɗaya, wannan kariya ba ta aiki, sai mai shago ya buɗe wa kowa nasa.