NGC 4402: Galaksin da ke Asarar Gas Ɗinsa

NGC 4402 galaksi ne, wato dandazon biliyoyin taurari, mai siffar murɗaɗɗen faifai. Yana cikin gungun Birgo mai galaksi fiye da 1,000, nisan shekarun haske kusan miliyan 50 daga duniya. Gefensa kaɗai ake hangowa, kuma a nan amfaninsa ga masana yake, domin hoton madubin Hubble da aka fitar a 2009 ya nuna ƙurarsa ta lanƙwashe. Dalili kuwa, yana kutsawa da gudu cikin zazzafan gas da ya cika gungun, wanda ke sheƙe nasa mai sanyi kamar ƙaiƙayi. Daga mai sanyin nan taurari ke samuwa. In ya ƙare, haihuwarsu ta tsaya.