Kaska: ƙaramar aba, babbar ɓarna

Makiyayi, ɗan'uwa, ruwan farko ya faɗi a Ɗan Kassari, haki ya fara tsira. Lokacin kaska ke nan. Daga watan Yuni zuwa Satumba ne ta fi yawa, musamman a fadamun Dallol Mawri da jikin bisashen da suka komo daga kiwon kudu, wajen Najeriya da Benin.

Mi take yi ma dabba?

Kaska tana shan jini, dabba ta rame, nono ya ragu. Babbar nan mai zane a baya ta fi son hantsa da ƙirji da gindin wutsiya. In ta ci kan nono har ya toshe, ɗan maraƙi ya rasa abin sha, kai ma ka rasa. Ita ce ke taimakon kirci ya bazu a fata, ita ce kuma ke kawo ciwon da ke tara ruwa kewayen zuciya: tunkiya ko akuya ta riƙa kewaya, ta faɗi tana shure-shure, ta mutu. Wata irin kaska tana sa saniya masassara da jan fitsari.

Mutum fa?

Kaska mai dogayen ƙafafu masu zobe-zobe tana ɗauke da masassarar Kirimiya-Kwango, mai sa zubar jini. Ta ɓarke a Muritaniya a 2003. Cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 na mutuwa. Dabbar da ke ɗauke da ita ba ta nuna alamar ciwo. Mutum na kamuwa ta cizon kaska, ta murtsuke ta da yatsa, ko ta jinin yanka. Mahauta da masu fiɗar layya, a kula.

Abin yi

1. Ka duba garkenka kowace maraice. Binciken cibiyar CIRDES ta Bobo-Julaso ya nuna kaska mai zane tana fara kamawa tsakanin kofato da rana, sai dabba ta kwanta ta hau hantsa. Ka tare ta tun a ƙafa.
2. Kar ka fasa kaska da farce. Cire ta da hantsaki, ka jefa wuta. Mace guda na zuba ƙwai dubbai a ƙasa.
3. Sayi magani wurin malamin dabbobi, ka bi awon da ya faɗa. Maganin fesa wake ba na dabba ba ne: yana kashe ta, yana shiga nono.
4. Dabbar da ka sayo kasuwa, ware ta, a yi mata magani kafin ta shiga garke.
5. Bar kaji su yi kiwo cikin garke, suna tsince kaska.

In masassara ta kama ka ko yaronka bayan cizon kaska ko bayan yanka, kar ka tsaya cewa sauro ne. Tafi likita nan da nan, ka faɗi abin da ya faru.