Labarin Fararen Littattafai na Bagadaza

Ya ku malamai da fatake, ga labarin wata hikima da wani mutumin Iraƙi ya yi domin tunawa da ɓarnar yaƙi.

A shekara ta 2003, sa'ad da rundunar Amurka ta shiga Bagadaza, gari ya rikice, ɓarayi suka yi ta wasoso, aka cinna wuta a ɗakin littattafai na Makarantar Zane da Fasaha ta Jami'ar Bagadaza. Littattafai wajen 70,000 suka zama toka. Aka bar almajirai suna neman ilmi ba abin dubawa, kamar manomi ba fartanya.

Mutumin nan sunansa Wafa'u Bilal, an haife shi a birnin Najaf a 1966. Ya bar ƙasarsu a 1991, ya zauna sansanin 'yan gudun hijira a Saudiyya, kana ya wuce Amurka, ya zama malamin fasaha a Jami'ar New York. A 2004 yaƙi ya ci ɗan'uwansa. Saboda haka abin da yake nunawa ba jita-jita ba ne, ciwo ne na cikin gida.

A 2016, a gidan nune-nune na garin Windsor a ƙasar Kanada, ya kafa dogon kanta, ya jera fararen littattafai a kai. In ka buɗe ɗaya ba ka ganin ko wasali, farar takarda ce tun daga bango har bango. Malamai da ɗaliban makarantar da ta ƙone suka rubuto sunayen littattafan da suke bukata. Wanda duk ya sayi ɗaya daga cikinsu ya bayar, sai a cire farin littafi a ba shi ya tafi da shi gida, a sa na gaskiya a gurbinsa. Da haka kantan yake ta sāke launi, in an tashi nunin a ɗaure littattafan a aika Bagadaza.

Ya sa wa aikin suna 168:01, ga kuwa dalili. A shekara ta 656 ta Hijira, wato 1258, Hulaku ya ci Bagadaza, ya kashe Halifa Musta'asimu, aka hallaka taskokin littattafai. Mutane suna hikaya cewa an zuba littattafan cikin kogin Dijla, tawada ta yi ta zuba har kwana bakwai, ruwa ya yi baƙi, takardu suka koma fari fat. Kwana bakwai sa'a 168 ke nan. Ɗayan da ya ƙara shi ne farkon abin da ke bayan musiba, lokacin da ake share hawaye a kama gyara. Malami ya san bambancin hikaya da tarihi: cin garin tabbas ne, zancen tawada kuwa ruwaya ce ta baka. Amma mai hikima ya ɗauke ta ya mai da ita hanyar taimako.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwanmu da wasan masu zane? Sai mu ce, a duba da kyau. Nan ba gunki, ba surar mai rai. Abin da ke ciki bai wuce tunatarwa da sadaka mai gudana ba, gama wanda ya ba ɗalibi littafi yana da rabo cikin duk abin da aka karanta.

Akwai kuma darasi na biyu, na rubuta suna. Ibnu Nadimi mai sayar da littattafai ne a Bagadaza. A wajen 377 ta Hijira ya tsara littafinsa Fihirisa, ya lissafta littattafan da ya sani da masu wallafa su. Da yawansu sun ɓace, yau ba a san an taɓa yin su ba sai ta bakinsa. Ɗan kasuwa ne ya tsare wa malamai wannan amana.

To, ina littattafan kakanninmu da ke cikin gafaka da adaka? Ba sai Hulaku ya zo ba, gara da ɗigon damina da rabon gado sun isa. Kowane mai gida ya sa almajiri ya rubuta sunan kowane littafi, da mawallafinsa, da wanda ya kwafe shi, da adadin warƙoƙinsa, a ɗauki hotonsa, a ajiye kwafe a wani gida dabam. Attajirai su ɗauki kuɗin aikin. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu daga fitina, Ya zaunar da ƙasashen Musulmi lafiya, amin. Wassalamu.