Maganin Farfaɗiya da Lafiyar Hanta

Magungunan farfaɗiya na ceton rai, sai dai hanta ce ke sarrafa yawancinsu, kuma wasunsu kan yi mata mummunar illa. Valproate ne aka fi jin tsoro, musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara 3, cikin watanni 6 na farkon shansa. Carbamazepine da phenytoin ma kan taɓa ta.

In ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ga amai da kasala, kada a tsaya jiƙon shawara. Mutanen Wurno, Rabah da Goronyo su garzaya asibiti a gwada hanta, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kada a yanke maganin ba da sanin likita ba, domin farfaɗiyar kan dawo da ƙarfi.