CIWON BABBAN YATSA: YADDA MUTANEN SIN SUKE MAGANINSA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai wani ciwon gaɓoɓi wanda likitoci suke ce wa gut. Ya fi kama maza magidanta. Mutum ya kwanta lafiya lau, cikin dare babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi zafi kamar an ɗora masa garwashi. In ya zo da damina, sai gona ta sha haki.

Mi ke kawo shi? Akwai wata dauɗa cikin jini, sunanta asid urik. Ƙoda ce take fidda ta cikin fitsari. In ta yi yawa, sai ta daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Yawan cin nama, da hanta, da ƙoda, da shan giya suna ƙara ta.

Mutanen ƙasar Sin, waɗanda muke ce wa Shinuwa, sun daɗe da sanin irin wannan ciwo. Suna ce masa tong feng, wato iska mai ciwo. Wani babban mai maganinsu, Zhu Danxi, wanda ya rasu a 1358, ya yi rubutu a kansa. A ganinsu, laima da zafi ne suke taruwa cikin gaɓa.

Sanannen maganinsu shi ne Si Miao, haɗin abu 4: ɓawon icen huang bai, da saiwar cang zhu, da saiwar niu xi, da ƙwayar yi yi ren. Ana dafa su a sha ruwan, ko a daka su a yi ƙwayoyi. Mai magani sai ya duba harshen majinyaci da bugun jininsa kafin ya auna masa.

Amma a yi hankali! Ice yana kama da ice. Daga 1990 zuwa 1992, a ƙasar Beljik, an ba mata maganin rage ƙiba mai saiwar fang ji. Ashe an musanya ta da wata saiwa mai dafi, guang fang ji. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace. A 2004 gwamnatin Sin ta hana aiki da wannan saiwa.

To, in masu ilimi sun yi kure, ina ga mai talla a kasuwa? Wanda bai iya karanta abin da ke bisa kwali ba, bai san abin da yake saida maka ba. Wani garin ma ana zuba masa maganin likita a ɓoye.

In yatsa ya kumbura, a tafi gidan likita a auna jini. Akwai maganin kwantar da zafin, akwai na rage dauɗar. A gaya wa likita duk saiwar da aka sha. A rage kayan ciki, a bar giya, a sha ruwa da yawa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.