Kayan Aikin da Mai Koyon Ƙera Wuƙa Mai Naɗewa Yake Buƙata

Duk wanda ya tsaya a Kongolam, a bakin iyakar Najeriya da Nijar kan hanyar Daura zuwa Damagaram, zai ga yadda ƙaramar wuƙa take aiki: direba na yanke igiyar kaya, mai rake na fere, makiyayin da ya nufi kasuwar dabbobi ta Mai'adua na gyara sandarsa. Galibin wuƙaƙe masu naɗewa daga waje ake shigo da su. Alhali ƙasar Daura ba baƙuwar ƙira ba ce. Ko a labarin Bayajidda, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura da ita.

Yawancin kayan aikin suna nan a maƙerarmu: uwar maƙera, masaba, awartaki, zugazugi da gawayin ƙirya, wanda maƙera suka fi so saboda zafinsa da jimirinsa. Abin da mai koyo zai ƙara shi ne magagari babba da ƙarami, zarton yankan ƙarfe, injin huda, abin matse ƙarfe a kan tebur, samfefa, dutsen wasa wuƙa, da tabarau na kare ido.

Ƙarfen shi ne tushe. Rodin gini ba ya riƙe kaifi, domin sinadarin kabon ɗinsa kaɗan ne. Tsohon sifirin na mota ko magagarin da ya cinye sun fi, kuma ana samunsu a hannun 'yan gwangwan da araha. A fara gasa ƙarfen ya yi ja, a binne shi cikin toka ya huce a hankali, sannan zai yi laushin da zarto da magagari za su ci shi. A wannan lokacin ne ake fitar da siffar wuƙar, a huda ramin ƙusa, domin in ta yi tauri ba ta huduwa.

Sai wurin da gwani yake bambanta da ɗan koyo, wato ba ta tauri. Ana gasa wuƙar har mayen ƙarfe ya daina kama ta, abin da ke faruwa a wajen digiri 770 a ma'aunin Salshiyas. A ɗan ƙara mata wuta kaɗan, a tsoma ta cikin man gyaɗa mai ɗumi. Ruwa yakan tsaga irin wannan ƙarfe. Daga nan ta yi tauri amma tana iya karyewa, don haka a goge ta, a sake ɗumama ta a hankali zuwa wajen digiri 200, har fuskarta ta yi launin busasshen kara. In ta kai shuɗi, bakin ya yi laushi.

Ƙotar kuwa, itacen ƙirya ya isa, ko ƙahon sa daga wurin mahauta. Ƙusar da wuƙar ke juyawa a kanta ita ce ran aikin: in ramin ya karkace, bakin zai riƙa gugar ƙota, in ta yi sako-sako, wuƙar ta rufe a kan yatsa. Saboda haka mai koyo ya fara da wadda ba ta da sifirin ko makulli, irin askar wanzamai. Da irin wannan wuƙa mai sauƙi maƙeri Joseph Opinel ya fara sana'arsa a Faransa a 1890, yau kuma sunansa ya zaga duniya.

Littafi ko bidiyon waya ba za su koya wa ido gane launin wuta ba. Sai an zauna gaban maƙeri. Muna kira ga sarakunan maƙera na masarautar Daura su buɗe ƙofa ga matasa, ƙaramar hukumar Mai'adua kuma ta tallafa musu da injin huda da magagari. Sana'a ce da za ta ciyar da gida.